Kwatar azurfa ta Amurka: kuɗin da aljihu ya goge wa shekara

Duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san dala, watau tamma biyar, ya kuma san dala ashirin ita ce tamma ɗari. Amma ba kowa ba ne ya san cewa sunan dalarmu da na dalar Amurka kakansu ɗaya. Asalinsu wani babban kuɗin azurfa ne da aka soma bugawa wajen shekara ta 1520 a wani kwari na ƙasar Bohemiya, wanda Jamusawa suka riƙa kira taler. Daga zuriyarsa ne aka sami dalar Mariya Teresa mai ɗauke da shekara ta 1780, wadda fatake suka yi ta ratsa Sahara da ita, daga nan ne kuma Amurkawa suka ari sunan da suka laƙa wa kuɗinsu sa'ad da suka yi dokar buga kuɗi a 1792. Suka raba dalar tasu santi ɗari, suka buga rabinta, suka kuma buga rubu'inta mai santi 25, wanda suke kira kwata. Kwatar farko ta fito a 1796.

Wannan kwata, musamman wadda aka buga daga 1892 zuwa 1930, ita ce za mu duba a wannan wata, domin kuwa akwai mutane da yawa a duniya da ba su da abin sha'awa kamar tara ta. A nan ƙasarmu idan tsohon kuɗin azurfa ya faɗo hannun mutum, abin da ake fara yi shi ne a ɗora shi a kan ma'auni, daga nan sai wurin maƙeri, a narke shi a yi zobe ko munduwa ko abin wuya irin na Agadas. Wannan sana'a ce mai daraja, ba kuma wanda zai raina ta. To, amma mai tara kuɗi ba awo yake fara yi ba, karantawa yake yi, kamar yadda ake karanta tsohuwar takarda. Abin da yake karantawa a jikin waɗannan kwatoci kuwa shi ne jayayyar da aka yi tsakanin masu son kuɗi ya yi ƙarko da masu son ya yi kyau.

Kafin mu shiga labarin zane, ga siffar abin. Kowace kwata ta wancan zamani nauyinta giram 6.25 ne, faɗinta kuwa ya ɗara santimita biyu da kaɗan, milimita 24.3. Kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, sauran kashi 10 jan ƙarfe ne da aka gauraya domin ta yi tauri, saboda azurfa tsantsa laushi gare ta. Ke nan a kowace kwata akwai azurfa giram 5.6 da ɗan ɗori. Masu lissafin zakka sai su lura: idan aka ɗauki nisabin azurfa a kan giram 595, kwata 106 sun cika shi.

Aikin Barber

Kwatar da aka shiga ƙarni na ashirin da ita aikin Charles Barber ne, babban mai sassaƙa hatimi na gidan buga kuɗin Amurka da ke Filadalfiya. A 1891 hukuma ta yi gasa domin a sami sabon zane, gasar ba ta haifar da abin kirki ba, sai aka ce Barber ya yi da kansa. Ya zana kan wata mace mai duban dama, da hula da rawanin ganye, a goshinta kuma an ɗaura wani ɗan kambu mai ɗauke da kalmar LIBERTY, watau ƴanci. Ba hoton wata mace mai rai ba ne, alama ce kawai ta ƴanci, kamar yadda Faransawa suke da tasu Mariyan. Taurari 13 sun kewaye ta, adadin jihohin da suka kafa ƙasar. A baya kuwa mikiya ce ta buɗe fukafukai, da garkuwa a ƙirji, ƙafa ɗaya riƙe da reshen zaitun, ɗaya riƙe da kibau. Wannan kai ɗin ne aka sa wa santi goma da rabin dala, ta yadda kuɗin azurfa uku suka zama kamar ƴan uwa ciki ɗaya.

Masu zane na zamaninsa ba su yaba ba. Sun ce kan ya yi nauyi, fuskar ba rai, ba a ma rarrabe mace ce ko namiji. Ni dai a ganina an zalunci Barber kaɗan. Shi ma'aikacin masana'anta ne kafin ya zama mai zane, kuma ya san abin da inji ke so: zanen da bai yi tudu da yawa ba, wanda bugu ɗaya zai fitar da shi sarai, wanda ma'aikacin banki zai iya jera shi bisa juna bai rushe ba. Shaidar gwanintarsa ita ce kwatocinsa sun yi shekara talatin da arba'in suna yawo daga hannu zuwa hannu, suka suɗe har suka yi sumul kamar dutsen rafi, amma har yau ana iya karanta shekararsu.

Wannan kambun goshi ma ya zama ma'aunin masu tarawa. Idan haruffa bakwai na kalmar duk sun goge, kuɗin ya sha wahala sosai. Idan ana ganin uku, ya ɗan fi. Idan duk bakwai ɗin suna nan, to an sami abin kirki, kuma irin wannan ba shi da yawa, domin a wancan lokaci santi 25 kuɗi ne na gaske ga leburan masana'anta, ba wanda ke ajiye shi don kallo.

Yadda masu sassaƙa suka shigo

A ƙarshen 1904 shugaba Theodore Roosevelt ya rubuta wa sakataren baitulmalinsa yana kukan munin kuɗin ƙasar, ya nemi a kira gwanayen sassaƙa daga waje su gyara. Daga nan aka soma: Augustus Saint-Gaudens ya zana kuɗin zinariya na 1907, aka sa kan Lincoln a santi ɗaya a 1909, aka sa ɓauna a santi biyar a 1913. Kuɗin azurfa suka jira, saboda wata doka ta 1890 ta ce ba a sake zanen kuɗi ba da izinin majalisa ba sai ya shekara 25. Da 1916 ta zo aka ɗauka wa'adin zanen Barber ya cika. Barber ya kawo sababbin zane-zane, hukumar kula da fasaha ba ta gamsu ba, aka gayyato masu sassaƙa uku. Adolph Weinman ya sami santi goma da rabin dala, Hermon MacNeil ya sami kwata, na ukun, Albin Polasek, ya koma hannu rabbana. Barber ya rasu a watan Fabrairu na 1917, wata ɗaya bayan kwatar da ta gaji tasa ta shiga kasuwa.

MacNeil ya yi karatu a Faris, ya kuma yi suna wajen sassaƙa mutum-mutumin Indiyawan Amurka. Abin da ya yi wa kwata ya sha bamban da na Barber. Maimakon kai kaɗai, ya tsayar da macen gaba ɗayanta, daga kai har ƙafa, a fili wanda bai fi farcen babban yatsa biyu ba. Tana fitowa ta wata ƙofa a tsakiyar katanga, ƙafa ɗaya ta riga ta sauko matakala. A jikin katangar an rubuta IN GOD WE TRUST, watau ga Allah muka dogara, taurari 13 kuma sun sauko gefe da gefen ƙofar, bakwai a hagu, shida a dama. Hannunta na dama yana riƙe da reshen zaitun, alamar zaman lafiya. Hannun hagu ya ɗaga garkuwa, ana kuma janye mayafin da ya lulluɓe garkuwar. Fuskarta ta juya wajen da garkuwar take, wanda aka fassara da gabas, inda Turai take.

Mai karatu ya tuna shekarar. A 1916 yaƙin duniya na farko ya shekara biyu yana ci, Amurka ba ta shiga ba tukuna. Saboda haka zanen magana ce da aka yi ba da baki ba: muna son lafiya, amma garkuwa ta fito daga kube. Ban san wani kuɗi da ya faɗi halin da ƙasarsa ke ciki a taƙaice kamar wannan ba, in ba tsohuwar tammar azurfa ta Faransa mai mace tana watsa iri ba, wadda Oscar Roty ya zana a 1897, kakanninmu kuma suka biya haraji da ita.

Bayan kwatar ma abin kallo ne. Mikiyar Barber a sandare take kamar ta tambarin ofis. Ta MacNeil tashi take yi, ta miƙa wuya, fukafukai a sama, ta nufi dama, har mutum ya ji kamar za ta fice daga da'irar. Malaman zane da ke neman misalin yadda ake sa motsi a cikin abu maras motsi, ga shi nan a tafin hannu.

Sulken 1917

An buga na farko a ƙarshen Disamba na 1916, guda 52,000 kacal, aka sake su a Janairu na 1917 tare da na sabuwar shekara. A wannan zubi na farko ƙirjin macen na dama a buɗe yake, bisa al'adar masu sassaƙa na Turai. Kafin shekarar ta ƙare sai aka ga ta sanye da sulke har wuya, irin wanda barade ke sawa ranar hawan salla. An ɗaga mikiya sama kaɗan, aka kwaso taurari uku daga gefe aka jera a ƙarƙashinta. Sai da majalisa ta yi doka a watan Yuli na 1917 kafin a yi wannan gyara.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne wai jama'a ne suka yi ca a kan rashin sutura har hukuma ta ji kunya. Labari ne mai daɗin ji, amma masu binciken takardun gidan buga kuɗi ba su sami shaidar wannan hayaniya ba. Abin da takardun suka nuna shi ne MacNeil da kansa ya fusata, saboda ma'aikatan gidan sun taɓa zanensa ba tare da sun shawarce shi ba, ya nemi a bar shi ya gyara, aka bar shi. A tsakanin nan, a watan Afrilu na 1917, Amurka ta shiga yaƙi. Macen da a bara take janye mayafin garkuwa, bana ta sa sulke. Wannan fassara ta fi shiga hankali, ko da yake ba ta kai waccan armashi a wurin hira ba.

Ke nan shekara ta 1917 kwata iri biyu gare ta, mai sulke da maras sulke, kuma mai tarawa yana son ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Shekarar da ta ɓace

A nan ne maganar Barber ta fito. MacNeil ya rubuta shekara a kan matakalar da macen ke takawa, wurin kuwa tudu ne, ba abin da ya kāre shi. Duk yatsan da ya taɓa kuɗin, duk aljihun da ya shiga, duk teburin da aka wurga shi, lambobin nan huɗu ne ke fara shan gugar. Cikin ƴan shekaru sai kwatoci suka riƙa dawowa banki ba shekara a jikinsu sam. Sai a 1925 aka ƙwaƙule wurin aka nutsar da lambobin cikin rami, ta yadda gefen ramin zai tare musu guga. Shi ya sa na 1925 zuwa 1930 suke da sauƙin samu da shekararsu, na 1916 zuwa 1924 kuwa da yawansu sun zama kamar yaron da ba shi da takardar haihuwa.

Akwai wata matsala ta biyu. Kan macen ƙarami ne, yana kuma can sama daf da baki, inda ƙarfe ba ya cika hatimi sosai idan an buga. Saboda haka ko a sabuwar kwata da ba ta taɓa shiga aljihu ba, sau da yawa kan a shafe yake. Masu tarawa suna neman wadda suke kira mai cikakken kai: a ga ganye uku na rawaninta, a ga layin gashi a gefen fuska, a ga ramin kunne. Irin wannan farashinta yakan ninka na ƴar uwarta mai shekara ɗaya da ita.

Zanen bai cika shekara 25 ɗinsa ba. Ba a buga kwata a 1922 ba, ba a kuma buga a 1931 ba, lokacin karayar tattalin arziki. A 1932, domin cikar shekara 200 da haihuwar George Washington, aka sa kansa, zanen John Flanagan, aka koma ga kai mai sauƙin bugu. An ci gaba da yin ta da azurfa har 1964. Da azurfar da ke cikin kuɗin ta kusa fin santi 25 daraja, dokar 1965 ta cire ta, aka koma jan ƙarfe da aka lulluɓe da farin ƙarfe. Nan da nan mutane suka ɓoye tsofaffin suka riƙa kashe sababbin. A watan Janairu na 1980, sa'ad da farashin azurfa ya kusa dala 50 kowane oza, an narke tsofaffin kuɗi masu ɗimbin yawa a Amurka. Ashe su ma suna da maƙeransu.

Abin da ke sa wata ta fi wata

Abu uku ne: shekara, gidan da ya buga, da lafiyar jikin kuɗin. Gidajen bugu huɗu ne suka buga kwata a wancan zamani. A lokacin Filadalfiya ba ta sa alama. San Faransisko tana sa S, Denba tana sa D tun daga 1906, Niyu Olins kuma tana sa O har zuwa 1909 da ta daina bugu. A kwatar Barber harafin yana baya, ƙarƙashin wutsiyar mikiya. A ta MacNeil yana gaba, hagu da shekara, kusa da tauraron ƙasa. Kada a rikita shi da ɗan harafin M da ke dama, wannan sa hannun mai zanen ne, kuma yana jikin kowace.

Wanda ke son cika jerin Barber yana bukatar kwata 74, na MacNeil kuwa 37. Mafi yawansu ba su fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba idan ya yarda da waɗanda suka ɗan suɗe. Ƴan kaɗan ne ke tsayar da mutum. A jerin Barber akwai ta 1896 da ta 1901 da ta 1913, dukansu masu S. Ta 1913 guda 40,000 aka buga, ta 1901 kuwa 72,664, amma ta 1901 ce ta fi tsada, domin a lokacinta kusan ba wanda ya damu ya ajiye. Ke nan ba adadin da aka buga kaɗai ake dubawa ba, har da adadin da ya tsira. A jerin MacNeil akwai ta 1916 da muka ambata, da ta 1927 mai S wadda aka buga 396,000, da kuma wata ta 1918 mai S da aka yi kuskure wurin haɗa hatiminta, har ana ganin 7 a ƙarƙashin 8.

Game da lafiyar jiki, ana amfani da ma'auni daga 1 zuwa 70 wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Tun daga 1986 kuma aka sami kamfanoni da ke duba kuɗi, su ba shi maki, su rufe shi cikin ƴar roba mai hatimi. Wannan ya rage gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, amma a ganina ya haifar da wani irin mai tarawa da ke kallon lambar da ke jikin robar ya manta da mikiyar da ke ciki. Wanda zai fara, gara ya nemi huɗu kawai: Barber ɗaya, MacNeil maras sulke, MacNeil mai sulke, da Washington ta azurfa. Idan ya jera su a kan farin ƙyalle ya duba da gilashin ƙara girma, ya ga tarihin shekara arba'in.

Idan ta faɗo hannunka

Ƴan uwanmu da ke zaune a Amurka sukan zo da irin waɗannan, wani lokaci kuma akan tsince su cikin tarkacen masu sayar da tsohuwar azurfa. Abu na farko, kada a wanke. Mu mun saba idan azurfa ta yi duhu sai a kawo toka ko lemun tsami a goge ta har ta yi walƙiya. Ga munduwa wannan gyara ne, ga tsohon kuɗi kuwa ɓarna ce da ba ta da magani. Gugar tana barin ƙananan zane-zane da ido ba ya gani sai da gilashi, tana kuma cire wannan duhu-duhu da shekaru suka shafa masa, wanda masu tarawa suke ɗauka shaidar cewa ba a taɓa shi ba. Kuɗin da aka goge yakan rasa babban rabo na darajarsa. A riƙe shi ta baki-baki da yatsa biyu, kada a huda shi, a naɗe kowanne dabam cikin takarda mai tsabta, a nisanta shi da laima da kuma leda mai laushi, wadda kan sa masa kore.

Abu na biyu, jabu ya yi yawa. Azurfa ba ta bin maganaɗisu. Kwatar azurfa idan aka dubi bakinta fari ne gaba ɗaya, ta bayan 1964 kuwa akwai jan layi a tsakiya, nauyinta kuma giram 5.67 ne. Tsohuwar da ta suɗe takan rage kaɗan daga giram 6.25, amma ba da yawa ba. Ha'incin da ya fi wuyar ganewa shi ne a ɗauki kwata ta gaske ta Filadalfiya, ta 1901 misali, a manna mata ɗan harafin S. Saboda haka duk wanda ya zo maka da ɗaya daga cikin masu tsadar nan a farashin araha, ka riƙe kuɗinka.

Ita kuwa MacNeil da shekararta ta goge, kada a yi saurin kai ta maƙera. A juya bayanta. Idan akwai taurari uku ƙarƙashin mikiya, tsakanin 1917 ne da 1924, kuma galibi darajarta ta azurfarta ce kawai. Idan babu taurarin, to ɗayan biyu ne, 1916 ko farkon 1917. A koma gaba a duba hagu da matakala: in akwai D ko S, ta 1917 ce, domin Filadalfiya kaɗai ta buga ta 1916. In babu harafi, mai yiwuwa dai ta 1917 ce, tunda an buga fiye da miliyan takwas irinta a Filadalfiya, amma masana suna iya rarrabe su ta wurin gashin macen da yadda gefen zanenta ya sauka kusa da ƙafa. Kamfanonin dubawa suna karɓar ta 1916 ko ba shekara a jikinta, kuma ko a haka farashinta ya ninka na azurfarta sau da yawa.